Hannun Baba a Kan Allon Ces

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da dukan mutanen gida, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman 'Yan Biyu da 'yan biyun kansu. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana yaran nan a kan hanya ta gari. Mu nan kowa lafiya lau, sai godiya. Mama tana nan da ƙwarinta, keken ɗinkinta bai huta ba, sai dai yanzu ni take ƙwala wa kira in zura mata zare a allura, ta kuma ce laifin masu yin allurar zamani ne da suke ƙanƙanta ƙofar. An mayar da Baban yara reshen da ke kusa da gida, ya rabu da cunkoson motoci, har ya fara ajiye tumbi. Ni kuma ina nan a laburare, ina fama da masu aron littafi su mayar da shi gida kamar gado.

Na saurari saƙonninka na murya duka, har da wanda ka yi kana tuƙi, wanda rabinsa hon ne. Na yi dariya har da hawaye da na ji kana rantsuwa cewa Baba ya cuce ka a wasan ces ɗin da kuke bugawa ta waya. Tambayoyin naka sun yi yawa, in na amsa ta waya za su bi iska, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta maka, ka ajiye takardar a gefen allonka. Mai tambaya ba ya ɓata. Amma kafin amsa, bari in ba ka labarin yadda wasan nan ya shigo gidanmu, don a waya Baba ba zai taɓa faɗa maka ba.

Ka san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi aka sallamo shi daga asibiti, hannunsa na dama ya ƙi jin magana. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin ƙasa, ya dawo cokali ma yana gagararsa. Ba ciwon ne ya fi damun mu ba, shirun ne. Sai ya zauna a kujerar nan ta bakin taga tun safe, rediyo a kashe, in an yi masa magana ya ɗaga kai kawai. Likitar da ke masa gashi ta ce a riƙa ba shi ƙananan abubuwa yana tsinta don yatsun su farka. Mama ta juye masa gwangwanin maɓallanta a faranti, ya dube su ya dube ta, ya ce shi ba kaza ba ne da za a watsa wa tsaba. Ana cikin haka sai ga maƙwabcinmu Mai Kemis, wanda ya bar wa 'yarsa shagon ya yi ritaya, ya shigo da allo a cikin leda. Ya ce shi ba dubiya ya zo ba, abokin wasa ya rasa, kuma zaman gida ya ishe shi. Baba ya ce shi ba ya wasan yara. Mai Kemis ya ce to ba laifi, ya jera 'ya'yan a kan ɗan teburin shayi, ya kama koya mini ni. Ba a jima ba muka ji murya daga bakin taga tana cewa ai duk mai ido ya ga dokin nan za a ci, me ya sa zan kai shi can. Daga ranar aka tashe ni daga kujerar, kuma har yau ban koma ba. Matsayina yanzu alƙaliya, ni ke aro musu littafi daga wurin aiki in raba gardama.

To, ga tambayarka ta farko, ta jera allo. Hoton da ka turo ya nuna a karkace ka ajiye shi, shi ya sa Baba yake kiran wani gida a kan allo kai kana ganin wani. Allon gida sittin da huɗu ne, fari da baƙi, kuma kullum gidan da ke kusurwar hannunka na dama ya zama fari. Sarauniya kuma a kan launinta take tsayawa, fara a farin gida, baƙa a baƙi, sarki a gefenta. Mama ta ce wannan ba abin mamaki ba ne, mace ba ta fita sai kayanta sun dace. Hasumiya tana tafiya miƙe, gaba da baya da gefe, iya nisan da hanya ta buɗe, ita Baba ya fi so, wai jirgin kaya ce. Wadda muke kira giwa a karkace take tafiya, don haka wadda ta fara a farin gida ba za ta taɓa taka baƙi ba har a tashi. Sarauniya ta haɗa tafiyar su biyun. Sarki taki ɗaya yake yi ko ta ina. Doki kuwa gida biyu miƙe sannan ɗaya gefe, kuma shi kaɗai ke tsallake kan wasu, saboda haka da ya tsallako maka dakaru ba cuta ba ce. Su dakarun, wato ƙananan nan takwas na gaba, ba sa komawa baya. Taki ɗaya suke yi, sai a fitarsu ta farko suna iya yin biyu, amma in za su ci, a karkace suke ci.

Sai babbar ƙararka, cewa Baba ya motsa 'ya'ya biyu a lokaci ɗaya, sarki da hasumiya, ya kuma ce maka haka doka take. Auta, haka take. Mu a gida muna ce masa shigar da sarki ɗaki. Sarki ya yi taki biyu ya nufi hasumiya, ita kuma ta tsallako ta tsaya a ɗaya gefensa, duk a matsayin wasa ɗaya. Amma da sharaɗi. Sai in sarkin da wannan hasumiyar ba wanda ya taɓa motsawa tun fara wasa, ba kowa a tsakaninsu, ba a tare sarkin a lokacin ba, wato ba wanda ya saita shi, kuma gidan da zai ratsa da wanda zai sauka ba wanda abokin gaba ya saita. Kai ma kana da wannan damar, ka riƙa yin ta da wuri, ka daina barin sarkinka a tsakar gida kamar shanya.

Akwai wata dokar da ba ka tambaya ba, amma gara in faɗa maka kafin ta same ka, don ita ce ta kusa raba zumuncin tsofaffin nan. Idan dakarenka ya yi taki biyu a fitarsa ta farko ya sauka kafaɗa da kafaɗa da dakaren abokin wasa, to wancan yana da ikon ya ci shi kamar taki ɗaya ya yi, ya sauka a gidan da naka ya tsallake. Sai dai nan take ne, in ya buga wani abu dabam damar ta wuce. Ranar da Mai Kemis ya yi wa Baba wannan cin, Baba ya ce shi duk tsawon aikinsa bai taɓa ganin jirgi ya buge taragon da ke kan wani layi ba, wannan fashi ne da rana tsaka. Mai Kemis ya naɗe allonsa ya fice. Suka yi kwanaki ba sa magana, kowa ya fito da kujera ƙofar gidansa ya zauna yana kallon titi, wuya a sandare kamar an sa masa filasta. Da Mama ta ga Baba ya fara komawa bakin taga, ta ce in nemo littafin nan ko a ina yake. Na kawo na karanta masa dokar da ƙarfi. Da na gama sai ya ce wa Mama ta ɗora shayi, ta kuma ƙaro kofi ɗaya. Ka san Baba, iyakar ban haƙurinsa ke nan, kuma Mai Kemis ya karɓa.

Ka tambaya ko da gaske mutum yana iya samun sarauniya biyu. Ƙwarai kuwa. Duk dakaren da ya daure ya kai layin ƙarshe na abokin gaba, sai a canza shi ya zama sarauniya, ko hasumiya, ko giwa, ko doki, ban da sarki. Amma ka ji abin da kwaɗayin hakan ya jawo wa Baba. Wata rana ya cinye wa Mai Kemis komai, saura sarki tilo a lungu. Maimakon ya gama, sai ya tsaya yana ƙera sarauniya ta biyu don a ji daɗin labari. Yana ajiye ta, Mai Kemis ya miƙe yana tafi. Ashe sarkinsa ba a tare shi ba, amma ba gidan da zai taka bai faɗa wuta ba, ba shi kuma da wani ɗa da zai motsa. A doka wannan kunnen doki ne, ba wanda ya ci. Nasara ita ce ka tare sarki, ya rasa wurin gudu, ya rasa mai shiga tsakani, ya rasa mai cinye wanda ya tare shi. Mama daga kan kekenta ta ce kwaɗayi mabuɗin wahala, Baba ya ce ba da ita ake ba.

Yanzu ga labarin da ya sa na fi son in rubuta da hannuna. Ka tambaya ko dole ne in ka taɓa ɗa ka buga shi. Doka ta ce in ka taɓa da niyya, dole ka motsa shi in yana da wurin zuwa, in ka sake shi kuma ya zauna ke nan. In gyara masa zama kawai za ka yi, sai ka faɗa kafin ka taɓa. Wanda hannu ya goga bisa kuskure ba a kama shi. Da farko Mai Kemis bai taɓa ɗaga wannan maganar ba, don hannun Baba rawa yake, ya nufi doki ya ture giwa, wani lokaci rabin allon ya zube mu bi ƙarƙashin kujera muna tsinta. To wata rana da yamma ina zaune ina kallo, Baba ya miƙa hannun daman nan, ya ɗauki sarauniya da yatsu uku, ya ratsa da ita allon ya dire ta. Yana sakinta ya ga ya kai ta bakin doki. Mai Kemis ya ce ya mayar da ita, ba komai, ai hannun ne. Baba ya kalli yatsunsa. Sannan ya ce a'a, wannan karon ba hannun ba ne, kan ne ya yi wauta, hannu kuwa inda aka aike shi nan ya je, kuma rabonsa da ya aiki hannun nan ya je tun kafin asibiti. Ya ce Mai Kemis ya ci sarauniyarsa, daga yau kuma a riƙa kama shi da doka kamar kowa. Aka ci sarauniyar, aka cinye shi a wasan, yana ta dariya har da buga ƙafa. Na waiga ban ga Mama ba. Na same ta a kicin tana wanke kofin da ta riga ta wanke, tana share ido da gefen mayafi. Yanzu da wannan hannun yake cin abinci, jiya ma shi ya ɓalle maɓallan rigarsa.

Sai maganar buɗe wasa, da yadda aka gama da kai a bugu huɗu. Kada ka ji kunya, duk sabon shiga sai ya faɗa wannan ramin, ni ma na faɗa. Dakaren da ke gaban giwar gefen sarki ba mai tsaronsa sai sarkin kansa. Baba ya saita shi da sarauniya da giwa, kai kana can kana tura dakarun bakin allo, sarauniya ta faɗa masa, zance ya ƙare. Maganinsa, in ka ga sarauniyarsa ta fito da wuri ta tsaya a bakin allo, ka fito da dokin gefen sarauniyarka ya tsare dakarenka na tsakiya. In giwarsa ta fito, ka tura dakaren da ke gaban dokin sarki taki ɗaya, ya tare hanya ya kore ta. In ta ja baya ta sake saita wurin, ka fito da dokin sarkin ya rufe. Daga nan ita ce za ta koma gudun tsira. Ban da wannan, kada ka wahalar da kanka da hadda. Ka kama tsakiyar allo da dakare, ka fito da dawakai da giwaye kowa ya samu aiki, ka shigar da sarki ɗaki, kada ka yi ta juya ɗa guda sauran suna barci, kuma kada kai ma ka yi saurin fito da sarauniya, don sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sunayen da ka ji suna ambata, buɗewar Italiya, ta Sifen, kariyar Sisili, duk sunayen hanyoyin fara wasa ne, yawanci an laƙaba musu sunan wurin da suka yi fice ko na wani gwani. Baba ɗan Italiya ne, dakaren sarki, doki, giwa, kullum layi ɗaya kamar jirginsa. Mai Kemis kuma in yana da farare yana son ya miƙa maka dakaren gefen sarauniya kyauta. Kana iya karɓa, doka ba ta hana ba, amma kada ka nace sai ka riƙe shi, tsakiyar allo yake nema. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

'Yan biyu sun tambaya wa ya ƙirƙiro wasan, kai kuma ka ce musu Turawa. Ka je ka gyara. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne daga Indiya ya taso, shekara wajen dubu da ɗari biyar da suka wuce, kuma siffar rundunar yaƙi ce mai kashi huɗu, 'yan ƙasa, mahaya dawaki, giwaye da kekunan yaƙi. Ba a san sunan mutum guda da za a ce shi ya yi shi ba. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓa suna ce masa shaɗaranj, su suka kai shi har Turai. Hasumiyar nan asalinta keken yaƙi ce. Wanda Turawa suka mayar babban limamin coci, Larabawa har yau giwa suke ce masa, mu ma shi muka bi. Kalmar da ake faɗa in an gama da sarki ma daga Farisanci take, shah mat, wato sarki ya rasa ta yi. Abin da ya fi ba Mama daɗi shi ne labarin sarauniya. A da ba mace ba ce, waziri ne, kuma taki ɗaya tak yake yi a karkace. Sai wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, a Turai, aka ba ta ƙarfin da take da shi yanzu. Mama ta ce ai dama, sun gwada namiji aikin bai tafi ba. Fara wasa da farare kuwa ba wani sirri a ciki, al'ada ce da aka tsayar daga baya don a daina gardama.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce wadda ka yi ƙasa da murya, ko laifi ne ka riƙa duba manhajar waya tana zaɓa maka bugu, don kada Baba ya gaji da cin banza ya daina kiranka. Auta, kada ka fara. A wasan haramun ne, kuma Baba zai gane a bugu na uku, ya san tunaninka tun kana rarrafe. Ba gwani yake nema ba, yana da Mai Kemis a bayan katanga. Da kai da shi kun yi shekaru wayarku ba ta wuce lafiya lau, ya aiki, a gaida yara. Yanzu sai ku yi awa kuna musu a kan doki. In ya ajiye wayar, sai ya bar allonku a jere a kan kabad, ya hana kowa taɓawa, har ƙura Mama ba ta isa ta share ba. Ka ci gaba da faɗuwa da kanka, sannu ba ta hana zuwa.

Ga kuma abin da nake so ka zauna da Maman 'Yan Biyu ku duba. Ganin yadda tsofaffin unguwa suka fara taruwa a falonmu har kujeru suna kasawa, shugabar laburarenmu ta yarda mu shirya 'yar gasa a zauren karatu idan an yi dogon hutun makaranta. Bibbiyu za a shiga, uba ko uwa da ɗansu, kowa ya buga nasa a haɗa sakamako. Mai Kemis zai shiga da 'yarsa. Ni ba dama, ni ce alƙaliya. Na ɗauka Baba kallo kawai zai je, har na fara lallashinsa. Sai ranar nan a gaban mutane Mai Kemis ya tsokane shi, ya tambaye shi da wa zai shiga. Baba ko ɗaga kai bai yi daga allo ba, ya ce da ɗansa mana, yana nan zuwa hutu, kuma kafin lokacin zai gyara shi. Na san bai faɗa maka ba, kuma ba zai faɗa ba, ko da zai mutu da son abin. Amma tun daga ranar kullum da safe sai ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar laburare, wai yana auna ta. Da farko iyakarsa bakin get. Shekaranjiya ya kai gidan burodin da ke kan kwana, ya zauna a bencinsu ya huta, ya dawo da ƙafarsa, ya ƙi a ɗauko shi a mota. Ban ce dole ba, na san aiki da nisa da hidimar tafiya da yara. Amma zumunta a ƙafa take, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi hutun tun yanzu. Ko na ƙarshe kuka zo a gasar, ni dai ina so in ga tsohon nan ya shiga zauren da kai a gefensa.

Ka gaishe mini da Maman 'Yan Biyu da kyau, ka ce na gode da maganin shafawar da ta aiko wa Mama, ƙafar ta yi sauƙi. Ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce Goggonsu ta ce su koyi tafiyar doki kafin su zo, Kakansu zai yi musu jarrabawa. Ka gaida Kawu in kun haɗu, da iyalinsa duka. Mama tana gaishe ku tana sa muku albarka, Baban yara da yaran suna gaisuwa, Mai Kemis ma ya ce a gaida abokin hamayya. Allah ya tsare mana ku, ya sada mu da alheri.

Wassalam, taka har kullum,
Yayarka